Jagorar zaɓen soso da sauran kayan wanke-wanke masu ɗorewa a gidajen Damagaram

Duk gidan da ake hura wuta a Damagaram ana wanke-wanke a cikinsa sau biyu ko uku a rana, amma ba kasafai ake tsayawa a yi nazarin abin da ake wankin da shi ba. Yawanci yaro ake aika shagon unguwa ya sayo soson katifa mai kore a bayansa, a yi ta aiki da shi har ya lanƙwame ya fara wari, sannan a jefa shi bola ko kwata a sayo wani. Wannan soso roba ne gaba ɗayansa, da ɓangaren mai laushi da ɓangaren mai kaushi, kuma duk lokacin da aka goga shi a jikin tukunya yana zubar da ɓurɓushin roba wanda ido ba ya gani sosai, ya bi ruwan wanke-wanke zuwa tsakar gida, zuwa titi, daga nan zuwa tabkunan da ke cikin gari. Idan ya gama aiki ba ya ruɓewa a ƙasa, idan aka ƙone shi hayaƙinsa guba ne, idan kuma akuya ta haɗiye shi yana iya zama a tumbinta kamar yadda mahauta suke tarar da leda idan sun feɗe dabba. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 Nijar ta kafa doka mai lamba 2014-63 wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da ledoji marasa kauri, kuma ko da yake dokar ba ta ambaci soso ba, matsalar da ta sa aka kafa ta ita ce dai ke tattare da shi.

Akwai dalili na biyu wanda ya fi kusa da aljihun mutumin Damagaram, shi ne ruwa. Garin yana zaune ne a kan dutse, shi ya sa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ƙaranci, har sai da aka jawo shi daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma duk da haka a watannin bazara unguwanni da dama ga ƴan ga-ruwa suke komawa. Wanda yake sayen ruwa jarka-jarka ya san cewa soson da ke shanye kumfa ya ƙi sakinta, har sai an ɗauraye shi sau uku, ba ƙaramar asara yake jawowa ba a ƙarshen wata. Saboda haka a ganina abu uku ne ya kamata a auna kowane kayan wanke-wanke da su a wannan gari: yawan ruwan da yake ci, saurin bushewarsa bayan an gama aiki, da kuma inda zai ƙare ranar da ya mutu.

Fara da duba kwanukan gidan

Kafin a je kasuwa, a tsaya a dubi abin da ake wankewa a gidan, domin kayan gogewa da ya dace da tukunyar dalma yana iya lalata kwanon samira cikin ƴan makonni. A yawancin gidaje za a tarar da tukwanen dalma waɗanda maƙera ke zubawa, da kwanukan samira masu fenti, da na silba, da robobi da kuloli, da kofunan shayi na gilashi, sannan ƙorai da ludaya da muciya da maburgi, wani gidan har da akushi da tukunyar ƙasa. Samira fentinta kamar gilashi yake, da zarar soson ƙarfe ko rairayi ya kankare shi sai ƙarfen da ke ƙasa ya fito ya fara tsatsa. Roba kuwa idan ta karce, maiƙo yana shiga cikin ƴan ramukan ya zauna, shi ya sa tsohuwar robar miya ba ta daina santsi ko an wanke ta sau biyu. Kaskon suya na zamani mai baƙin shafi wanda abinci ba ya kama shi bai kamata ƙarfe ya taɓa shi ko sau ɗaya ba. Ƙwarya da itace da tukunyar ƙasa suna shan duk abin da aka jiƙa su a ciki, don haka omo mai ƙarfi yana barin ɗanɗanonsa a jikinsu, kuma wanda ya taɓa shan fura a ƙwaryar da aka jiƙa a ruwan omo ya san haka. Idan aka raba kayan gidan gida uku, wato masu son laushi, da masu jure gugar tsaka-tsaki, da masu ɗaukar kankara, an riga an san irin kayan da za a nema.

Soson gargajiya

Abu na farko da za a nema, kuma wanda zai ɗauki mafi yawan aikin, shi ne soson gargajiya wanda ake shukawa yana yaɗo a kan danga ko rumfa. Ɗan uwan kabewa da duma ne, furensa ruwan ɗorawa, kuma abin da ake wanki da shi zaren da ke cikin ɗan ne bayan ya ƙosa ya bushe. Idan yana bushe yana da kaushi, amma da ya sha ruwa sai ya yi laushi daidai yadda zai cire dattin abinci ba tare da ya karce samira ko roba ko gilashi ba. Saƙarsa a buɗe take, iska tana ratsa ta, don haka yana sakin kumfa da ɗauraya ɗaya kuma yana bushewa da wuri. Ranar da ya gama aiki ana jefa shi ramin taki ya ruɓe kamar kowane ganye.

Ana samunsa wurin masu sayar da ƙorai da kayan kaba da magungunan gargajiya, kuma a Kasuwar Dole ranar Alhamis, wadda ita ce babbar ranar kasuwa, zaɓin ya fi yawa saboda mutanen ƙauyuka suna shigowa da kayansu. Wurin zaɓe a ɗauki soson a matsa shi a tafin hannu. Mai kyau yana lotsawa ya dawo, zarensa a haɗe yake kuma da kauri, launinsa fari-fari mai ɗan ja kamar karan gero. Wanda aka tsinka kafin ya ƙosa zarensa siriri ne, yana da laushi tun yana bushe, kuma ba ya kai mako yake narkewa. Wanda ya daɗe a ajiye ko ya sha zafin rana fiye da kima yana karyewa idan aka matsa, har a ga gari yana zuba. A kuma shinshina shi, a duba cikin ramukan da ƴaƴan suke zama, domin baƙaƙen ɗigo da warin rima alama ce ta cewa danshi ya kama shi tun a wurin ajiya. Fari fat ba shi ne shaidar inganci ba, don wasu masu sayarwa suna jiƙa shi a ruwan jabel ya yi haske, kuma hakan yana rage ƙarfin zaren idan aka yi yawa.

Idan an kawo shi gida, kada a yi aiki da shi ɗungurungum. A jiƙa shi na ɗan lokaci, a yanka shi gunduwa-gunduwa daidai cikin tafin hannu, babban soso yana iya ba da gunduwa uku ko huɗu. A kakkaɓe sauran ƴaƴan da suka maƙale, baƙaƙe ne masu faɗi, a ajiye su don shuka. Wasu gunduwoyin a bar su da zagayensu domin wankin kofuna da cikin ludayi, wasu kuma a tsaga su a tsaye a cire tsakiyar mai tauri, a shimfiɗa, a ninka biyu a ɗinke gefen da zaren auduga, sai a sami soso mai faɗi na wankin faranti da tire. Kowace gunduwa a zura mata ɗan zare a yi mata hanci na ratayewa, kuma wannan ɗan hancin, duk da ƙanƙantarsa, shi ne ke raba soson da zai yi wata guda da wanda zai ruɓe a mako, kamar yadda za a gani a gaba. A ƙarshe a tafasa gunduwoyin minti biyar kafin a fara aiki da su, a shanya.

Gidan da ke da danga ko rumfa bai kamata ya riƙa sayen soso ba. A jiƙa ƴaƴan su kwana a ruwa, a shuka biyu ko uku a rami ɗaya a farkon damina, wajen watan Yuni ko Yuli, a gindin abin da za su hau. Shukar tana son rana da taki, kuma idan ruwan sama ya yi jinkiri ruwan ɗauraya marar omo yana isar ta. A bar ɗan a jikin uwar har ɓawonsa ya koma ruwan ƙasa, ya yi sakayau, idan aka girgiza shi a ji ƴaƴan suna ƙara, abin da yakan zo daidai da kaka. Sai a tsinka, a fasa ƙarshen, a zazzage ƴaƴan, a ɓare ɓawon, a wanke yauƙin da ke jikin zaren, a shanya ya bushe sarai. A ajiye shi a rataye cikin buhu a wurin da gara da ɓera ba sa kaiwa. Tushe ƴan kaɗan idan suka yi kyau suna iya riƙe gida har wata daminar.

Abin kankare ƙanzo da baƙin tukunya

Soson gargajiya ba ya iya ƙanzon tuwo da ya kama gindin tukunya, kuma kuskure ne a tilasta masa, domin a nan ne yake yagewa. Ƙanzo jiƙo yake so. Da an kwashe tuwo, tun tukunyar tana da ɗumi, a zuba mata ruwa kaɗan daidai yadda zai rufe gindin, a rufe ta a bar ta. Idan lokacin wanki ya yi, mara ko guntun fasasshiyar ƙwarya da aka goge bakinsa ya isa ya ɗaga ƙanzon ba tare da an karce dalmar ba. Fasasshiyar ƙwarya ɗaya tana ba da irin wannan makankari guda da yawa, ana yanka su da wuƙa a goge bakin a jikin dutse, kuma samun ɗaya mai lanƙwasa daidai da cikin tukunya yana rage aikin sosai. Wannan makankari shi ne kuma abin share sauran miya da shinkafa daga kwanuka kafin su shiga ruwa, a tara a ba kaji.

Bayan tukunyar da aka ɗora a kan itace ko gawayi aikin toka ne. Tokar itace tana da sinadarin da idan ya haɗu da ruwa da maiƙo yake narkar da maiƙon, wanda shi ne tushen haɗa sabulun salo, sannan ƴan ƙwayoyinta suna goge baƙi ba tare da sun yi zurfi a jikin ƙarfe ba. A tankaɗe ta a cire gawayi da tsakuwa, a zuba a gwangwani mai murfi kusa da wurin wanke-wanke, a riƙa dangwala jiƙaƙƙen tsohon soso a ciki. Sharaɗi guda ne mai muhimmanci: tokar ta zama ta itace ko kara zalla. Al'adar kunna gawayi da leda ta yaɗu ƙwarai, kuma tokar da aka ƙona leda ko roba ko katako mai fenti a cikinta ba ta dace da abin da za a ci abinci a ciki ba. Haka kuma toka da kanwa suna cin dalma idan suka daɗe a jikinta, suna sa ta dushe ta yi ƴan ramuka, don haka a tsaya a bayan tukunya, a goge a ɗauraye nan take, kada a bar ta ta kwana cikin ruwan toka. Mai yawan aiki da toka ta riƙa shafa man kaɗe ko wani mai a hannu bayan ta gama, saboda tana busar da fata. Dabarar da iyaye mata suka daɗe suna yi, ta shafa jiƙaƙƙiyar toka ko laka a gindin tukunya kafin a ɗora ta a wuta, har yanzu ita ce mafi sauƙi, domin baƙin yana kama shafin ne, ya fita tare da shi.

Rairayi ma yana cire baƙi, amma ya fi toka kaushi, kuma wanda aka ɗiba a ƙofar gida yana haɗe da kashin dabbobi. Idan za a yi amfani da shi a nemo mai tsabta, a wanke a shanya, kuma a bayan tukunyar dalma ko ta ƙarfe kawai.

Soson ƙarfe yana da gurbinsa, amma ƙarami ne. Iri biyu ake sayarwa: mai laushi kamar auduga wanda yake tsatsa kwana ɗaya ko biyu bayan ya taɓa ruwa, da mai murɗaɗɗen zare mai sheƙi wanda ba ya tsatsa da wuri. Na biyun za a saya. A ja shi kaɗan a hannu tun a shago, idan guntayen waya suna zuba a bar shi, domin irin waɗannan guntaye suna maƙalewa a bakin tukunya su faɗa cikin abinci, kuma haɗiye su haɗari ne musamman ga yara. Mai kyau guda ɗaya, idan an keɓe shi ga ƙarfen gashin nama da kaskon da ya ƙone ƙurmus, yana yin watanni, kuma idan ya ƙare ana haɗa shi da tsofaffin gwangwanaye a ba masu sayen ƙarafa.

Buroshi, tsumma da soson buhu

Akwai wuraren da soso ba ya shiga: ramukan gwagwa da madambaci, idon rariya, bakin murfin kula, cikin butar shayi. Nan buroshi ake bukata. Mafi sauƙinsa shi ne a sami sabuwar tsintsiya mai tauri wadda ba a taɓa shara da ita ba, a yanki tsawon taƙi ɗaya, a ɗaure ta tamau da igiyar kaba ko ta rama a wuri biyu, a daidaita bakin. Masu saƙar kaba suna iya ɗaura irinsa idan aka nuna musu girman da ake so. Wanda ya fi son na shago ya nemi mai mariƙin itace da gashin zaren kwakwa ko na wata shuka, ya kuma duba da kyau, saboda da yawa mariƙin ne kawai itace, gashin kuwa roba ne da aka rina ruwan ƙasa. Buroshi yana da wata fa'ida ta ɓangaren lafiya: masu bincike a ƙasar Norway sun gwada shi da soson katifa, suka tarar yana bushewa da sauri, kuma ƙwayoyin cuta irin su salmonela suna mutuwa a jikinsa fiye da yadda suke mutuwa a soso.

Tsumman goge tire da teburi a yanke shi daga tsohon zane ko tawul na auduga, a kalmashe bakinsa don kada ya zare. Yadi da yawa a yanzu roba ne ko gauraye, kuma hanyar ganewa ita ce a zare zare ɗaya a kusantar da shi ga ashana a wuri mai iska: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, roba kuwa tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri.

Soson buhu, wanda ake yankowa daga buhun shinkafa ko na masara, sananne ne a gidajenmu saboda ba a sayensa kuma yana kumfa. Gaskiya ne sake amfani da buhun ya fi jefar da shi, amma zarensa roba ne, yana tsinkewa ya bi ruwa, kuma duk wanda ya duba wurin wanke-wanken da ake amfani da shi zai ga fararen zaruruwa a cikin ƙasa. Buhun taki da na siminti da na maganin ƙwari kuwa kada a kusance su sam. Madadinsa shi ne buhun algarara ko igiyar rama da aka saƙa ta zama ɗan faifai, dukansu zaren shuka ne masu ruɓewa. Algarara takan zo da warin mai daga masaƙa, sai an wanke ta an tafasa kafin a fara aiki. Soson raga shi ma roba ne, amma yana daɗewa ƙwarai kuma yana bushewa da sauri, don haka wadda take da shi ta ci gaba da amfani da shi har ya ƙare. Jefar da abu mai sauran rai don a sayi wanda ake kira mai kare muhalli ƙarin shara ne kawai.

Game da kayan da ake shigowa da su daga waje, akwai wani tsumma da aka ƙirƙiro a ƙasar Suwidin a 1949, haɗin zaren itace da auduga, mai shan ruwa sosai kuma mai ruɓewa, wanda ba laifi idan an same shi da sauƙi. Soson silikon kuwa, wata irin roba mai laushi, yana daɗewa amma ba ya cire datti sosai kuma ba ya ruɓewa. Babu ɗaya daga cikinsu da yake yin abin da soson danga da guntun ƙwarya da toka suka kasa, saboda haka ban ga dalilin kashe kuɗi mai yawa a kansu ba.

Yadda za a yi aiki da su a rage ruwa

Kayan kirki ba sa nuna amfaninsu sai an bi tsari. A fara da share kowane kwano da makankari. Kwanon da ya yi maiƙo sosai, kamar na miyar da aka zuba wa man gyaɗa ko na soyayyen nama, a barbaɗa masa ɗan dusa a murza da hannu, dusar za ta shanye man, a juye ta a abincin dabbobi, kwanon ya shiga ruwa kusan a wanke. Wannan mataki shi ne ke kare soson gargajiya, domin maiƙo ne yake toshe zarensa ya sa shi wari. Daga nan a ajiye baho biyu, na sabulu da na ɗauraya, kowanne da lita huɗu ko biyar ga matsakaicin gida. A goga sabulun a jikin soso maimakon a kaɗa omo a cikin ruwa, don sabulun sanda ko na salo ya fi saurin fita a ɗauraya kuma ba ya zuwa cikin ƴan ledoji. A fara da kofunan shayi da na ruwa da cokula, a bi da kwanuka, a ƙare da tukwane. Ƙorai da muciya da akushi a wanke su da sauri, sabulu kaɗan ko babu, kada a bar su a jiƙe. Ruwan ɗauraya bai gama aiki ba, da shi za a jiƙa tukwanen girki na gaba, ko a zuba wa dogon yaro ko zogale ko shukar soson. Ruwan da ke da omo ko toka ko kanwa da yawa kuwa yana ɓata ƙasa idan ana zuba shi a gindin shuka kullum, gara a haƙa masa ɗan rami a cika da tsakuwa ya riƙa tsotsewa, kada ya kwanta ya tara sauro.

A keɓe soso ɗaya ga abin da ɗanyen nama ko kaza ko kifi ya taɓa, wani kuma ga kayan abincin jariri, a bambanta su da launin zaren da aka yi musu hanci. Lokacin Sallar Layya, da wuƙaƙe da tire da baho suke shan jini da kitse kwana biyu ko uku, ya fi kyau a yanka sabuwar gunduwa don wannan aiki kaɗai, a jefa ta ramin taki idan an gama.

Bushewa da lokacin canzawa

A 2017 wasu masu bincike a Jamus sun duba sosunan katifa 14 da aka yi aiki da su a gidaje, suka tarar a wasu wuraren guntun da bai wuce santimita ɗaya ba a tsawo da faɗi da kauri yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya har biliyan 54. Ba dukansu ne masu sa cuta ba, amma adadin ya nuna abin da danshi da ɗumi da sauran abinci suke haifarwa idan suka haɗu, kuma binciken ya nuna cewa tsabtace soso a kai a kai ba ya mayar da shi sabo. Soson gargajiya bai kuɓuta daga wannan ba, fifikonsa kawai shi ne yana saurin bushewa idan an ba shi dama. Saboda haka da an gama wanki a ɗauraye shi, a matse, a kakkaɓe, a rataye shi da hancinsa a ƙusa inda iska da rana suke samunsa. Barinsa cikin robar sabulu, a kwance cikin ruwan da ya taru, shi ne abin da ya fi kashe shi. A riƙe guda biyu ana musanyawa, na safe ya bushe kafin a sake bukatarsa. Sau ɗaya a mako a tafasa soso da tsumma da buroshin tsintsiya minti biyar. Idan akwai mai gudawa a gidan ko ana fama da kwalara a gari, a ƙara da ruwan jabel bisa ma'aunin da jami'an lafiya suka bayar, kuma kada a taɓa gauraya jabel da wani maganin wanki.

A bazara da hunturu bushewa ba matsala ba ce a Damagaram, ƙura da ƙuda ne abin kula, don haka a rataye kayan sama da ƙasa kuma nesa da makewayi. A watan Agusta, da iska take da laima, soso yana iya wuni bai bushe ba, sai a ƙara na uku cikin musanyar a kuma rage kwanakinsa. A ƙa'ida gunduwar da ake aiki da ita kullum a canza ta bayan mako uku ko huɗu, kuma tun kafin haka idan ta fara wari, ko santsi, ko baƙin ɗigo. Wadda ta tsufa amma ba ta yi wari ba ana sauke ta zuwa aikin toka a bayan tukunya, daga nan zuwa wankin baho da daɓe.

Kwanukan da aka wanke su ma iska ce ta fi dacewa ta busar da su, saboda tsumma ɗaya da ake goge komai da shi yana mayar da dattin da aka cire. A kafa ɗan gado na itace ko na kara mai tsayin ƙugu a wurin da rana take bugawa, a kife kwanukan a kai, a zuba tsakuwa a ƙarƙashinsa don ruwan da ke ɗiga, a rufe da faifai ko yadi marar kauri idan iska ta taso. Ƙorai da muciya da akushi a ɗauke su da zarar sun tsane a mayar inuwa ko ragaya, domin zafin ranar Afrilu da Mayu yana tsaga su. Soson danga da igiyar rama da algarara da tsumman auduga da suka gama aiki a yayyanka su ƙanana kafin a zuba a ramin taki, a rufe da ƙasa da ɗan kashin awaki, a riƙa yayyafa ruwan ɗauraya. Soson katifa da na raga da na buhu da suka rage a gidan kuwa a ƙulle su wuri ɗaya a ba masu kwasar shara, kada a sa su a murhu, kada kuma a bar su inda dabba za ta kai baki.